Kafiretar akori-kura 504: a gyara tsohuwar ko a sayi sabuwa?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko ka gyara kafiretar motarka Fijo 504, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska, ko ka sayi sabuwa. Kar ka sayi sabuwar nan. Tunda ka ce da safe sai an tura motar, kuma in ka taka totur sai ta cije kamar za ta mutu kafin ta ja, tsohuwar kafireta ƙirar Solex da ke kanta za ka gyara.

Tawa ma 504 ce, haɗin PAN, kamfanin haɗa Fijo na Kaduna, da ita nake jigilar albasa. Wani hunturu ta fara min irin wannan, kullum asuba sai na tara yaran unguwa su tura. Raina ya ɓaci, na je na sayo sabuwar kafireta a kwali, tana ta ƙyalli. Sati kaɗan ta yi, silo ya ƙi zama, mai kuma kamar ana zubar da shi a ƙasa. Tana nan a ɗakin ajiya, ba ni da abin faɗa a kanta da ya wuce haka.

Allah Ya sa ban yar da tsohuwar ba. Wani dattijon bakanike ya karɓe ta, ya kwance ta kan faranti ɗaya bayan ɗaya, ya wanke da fetur, ya hure jet-jet ɗin, wato ƙananan ramukan da fetur ke bi, da iska. Da yaronsa ya ɗauko waya zai tsokane ramin jet, tsawa ya daka masa, don waya tana faɗaɗa ramin, daga nan mota ta koma shan mai. Sai ya ciro wata 'yar roba ta ƙaramin famfon da ke jikin kafiretar, ya ɗaga ta a rana ya ce in duba. Ta bushe kamar tsohuwar fata, har haske na ratsa tsagar. Aikinta shi ne, da ka taka totur iska ce ke fara shiga da yawa, sai famfon ya tsarta ɗan fetur ya cike giɓin. In robar ta mutu, injin iska kawai yake haɗiya na ɗan lokaci, cijewar ke nan. Ya sa sabuwar roba da gasket, ya canza allurar fulot mai tsayar da shigar fetur in kafireta ta cika, ya sa wa wayar cok, abin rage iska don tada mota da sanyi, mai don ta sandare ba ta rufewa. Washegari ana tsananin sanyi na ja cok, kik ɗaya ta tashi. Wallahi na daɗe zaune a ciki ina sauraron ƙarar injin.

Kai ma za ka iya gwadawa. Kashe mota, cire kaskon iyakilina mai tace iska, leƙa maƙogwaron kafiretar, wani ya taka totur. In ba ka ga siririn fetur ya tsarto ba, ka kama ɓarawon.

Amma kafin a taɓa kafireta a duba wuta. Kwantak ɗin cikin distirbuta, mai raba wa filogi wuta, yana cinyewa, tazarar bakinsa milimita 0.4 ce, sai kondensa da filogi da murfin distirbutar ko ya tsage. A canza filtar mai, musamman in kana sha wurin 'yan bumburutu. In kuma kik ɗin ne ke juyawa da ƙyar, fara da kan batir.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka canza ta. Kama sandar totur ta jikin kafiretar ka girgiza. In tana lilo sosai, mazauninta ya cinye, iska na shiga ta gefe, kuma sabuwar roba ba za ta magance wannan ba. Ko a nan, asalin Solex ta Beljiyam, wato 'yar gwanjon da aka shigo da ita daga waje, za ka nema.

Sai dai ka yi hattara, ko da ba ka tambaya ba. Akwai masu wanke matacciyar kafireta su fesa mata fenti ruwan azurfa su ce yanzu aka sauke ta daga kwantena. Akwai jabu da aka buga wa sunan Solex a kwali. Ka je da bakaniken da ka yarda da shi, ku girgiza sandar a gaban mai shago, ku yi sharaɗin dawowa in ba ta yi ba. Kuma ranar gyara ka tsaya a garejin, don wasu kan musanya jet ɗinka na asali da na banza, wani ma ya ce ka bar masa tsohuwar ai ta mutu. Kar ka bari, ɗauki abarka ka tafi da ita gida.