Gargaɗi ga mai neman gidansa na farko: an cinye mini naira miliyan 6 da dubu 500 a gidan gado

Naira miliyan 6 da dubu 500 na tura da hannuna, a karo biyu, zuwa asusun mutumin da ba shi da ikon sayar da gidan. Har yau idan na kwanta, abin da yake dawo mini shi ne ranar da muka yi sallar la'asar tare a masallacin layin, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, tsakanina da kai amana ce, gidan mahaifina ne, a cikinsa aka yanke mini cibiya." Gidan mahaifinsa ne kuwa. Abin da ya ɓoye mini shi ne su tara ne magada, ba a raba gadon ba, kuma maganar tana gaban alƙali tun kafin in san hanyar unguwar.

Masu cewa na yi garaje ba su san abin da na yi ba. Shekara 11 ina zaman haya a Kano, ina zubin adashi, har sai da maiɗakina ta sayar da sarƙar gwal ɗinta ta haɗa mini. Sau uku na je ganin gidan, ɗaya da gangan bayan an ɗauke ruwan sama, don in ga ko rufin yana yoyo da kuma inda kwata take bi. Na nemi takarda, aka nuna mini kwafin takardar shaidar mallaka da sunan mahaifinsu, aka ce ta asali tana wurin babban wansu kuma za a kawo ta ranar cikon kuɗi. Shaidu biyu suka sa hannu, sai daga baya na gane abokansa ne.

Ko da yake, kafin alƙalami na miliyan 2 ya riga ganin kwafin nan, domin dillali ya kira ni da daddare ya ce wani ɗan kasuwa zai kawo miliyan 12 ranar Juma'a, alhali ni an sallama mini a 11. Da na ce mu je wurin mai unguwa, aka ce ya yi tafiya, ni kuma na yarda, saboda mutumin da kuka haɗa sahu ya riƙe hannunka ya ambaci amana ba ka zaton zai cuce ka. Bayan mako biyu na ƙara miliyan 4 da dubu 500, dillali kuma ya karɓi dubu 300 cikin la'adarsa.

Ranar da na kai mai fenti na tarar da sabon kwaɗo a ƙofa, da wata baiwar Allah, yayar mutumin da ya sayar mini, tana tambayata, "Bawan Allah, wa ya sayar maka?" Mai unguwa bai je ko'ina ba, kuma ya ce da na taka ƙofarsa da ya faɗa mini komai a tsaye. Tun daga ranar wayar mutumin a kashe take, dillali kuma yana rantsuwa cewa shi ma yaudararsa aka yi. Miliyan 6 da dubu 500, gumin shekara 11 da sarƙar matata.

Ina da hotunan shaidar tura kuɗin, da yarjejeniyar, da saƙonninmu na WhatsApp, zan kuma saka su da zarar lauyana ya ba ni izini. Idan gidan gado ne, kada ka ba da ko sisi sai ka ga takardar rabon gado daga kotu da sa hannun duk magada. Kada ka karɓi kwafi, ka kai lambar takardar ofishin kula da filaye a bincika maka, ka kuma je wurin mai unguwa da maƙwabta kai kaɗai ba tare da dillali ba.

Hayata za ta ƙare ƙarshen wata, kuma tuni na sanar da mai gidan cewa tashi zan yi.