Gilashin Canon 50mm f/1.8 STM bayan Sallah biyu ina bin yara da shi

Abin da ya sa na sayi wannan gilashin kamara haushi ne. Ranar yawon Sallah mun taru a gidan Hajiya, jikokinta goma sha ɗaya suna tsere a ƙofar gida bayan la'asar, na ɗauki hoto ya fi ɗari da kamarata Canon 2000D da gilashin 18-55 da ta zo da shi. Da dare na buɗe su a kwamfuta: bangon gida ya fito tar, har tsagar siminti ana gani, yaran kuwa kamar aljanu, hannu uku-uku. Hajiya ta leƙo ta ce, "Kai da ka ce kamarar mai tsada ce?"

Na ɗora wa gilashin laifi, ashe nawa ne. Kamarar tana ƙiftawa a 1/60 na daƙiƙa, kuma yaro mai gudu ya isa ya matsa a wannan ɗan lokacin. Na'urar hana girgiza da ke cikin 18-55 rawar hannuna kawai take gyarawa, ba ta riƙe ƙafar yaro.

To a nan sabon gilashin ya biya kuɗinsa. Tsohon idan ka ja shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6. Wannan yana buɗewa har f/1.8, wato haske kusan ninki goma. Inda da nake maƙale a 1/60, yanzu ina samun 1/500 a hasken yamma iri ɗaya ba tare da na taɓa ISO ba, wato ma'aunin yadda kamara ke ƙara wa hoto haske. A Babbar Sallah na kama autar ƙanwata ta yi tsalle daga kan dakali, ƙafafunta biyu a sama, ɗankwali ya zame, duwatsun ɗan kunnenta ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Shi ne hoton da ke rataye a falon Hajiya yanzu.

Amma kada f/1.8 ta ruɗe ka. Daga tazarar mita biyu, wurin da ke fitowa fes bai fi faɗin tafin hannu ba. Saiti, wato wurin da kamara ta auna don ya fito fes, ya sauka a kunne, ido ya tafi. Yara biyu suna riƙe da hannun juna, ɗaya ya ɗan ja baya, shi ke nan ya zama hazo. Na yi asarar hotuna da yawa kafin na daddara na koma f/2.8, idan sun kai uku kuma f/4. Da rana tsaka ma ba a maganar f/1.8, don iyakar saurin kamarata 1/4000 ne, farar shadda sai ta ƙone ƙurmus, ɗinkin wuya ya ɓace.

Yadda nake yi yanzu: in sa kamarar a Tv, wato tsarin da ni ke zaɓar saurin ƙiftawa, 1/500 ga masu guje-guje, 1/1000 idan ƙwallo ake bugawa ko ana kan keke, 1/250 ga manya da ke hira a kan tabarma. ISO na bar wa kamara ta zaɓa. Gara hoto mai ɗan tsaki-tsaki a ISO 1600 da wanda fuska ta narke. Saiti kuma AI Servo, wato wanda ke bin abu mai motsi, da ɗigon saiti na tsakiya kaɗai, in ɗora shi a fuska in bi yaron.

Gilashin ya fito tun 2015, nauyinsa giram 160, ko a aljihun kaftani yana shiga. Ba ya zuƙo hoto, ƙafarka ce za ta yi aikin, kuma a kan ƙaramar kamara irin tawa yana zama kamar 80mm, wato yana ƙara matso da abu kusa. A tsakar gida mai ƙunci sai ka ja baya har ka jingina da bango, hoton dangi gaba ɗaya kuwa da tsohon gilashin nake ɗauka. Ba shi da na'urar hana girgiza, amma a 1/500 ban taɓa jin rashinta ba.

Na hannu na saya. Mai niyyar yin haka ya haska fitilar waya ta cikinsa ya duba ƙura da fumfuna, ya kuma haɗa da marfin kariya mai lamba 49, musamman idan hunturu ya kama. Nawa ya sha yatsun yara masu maiƙon naman Sallah ba sau ɗaya ba.