Firintar tawada ko ta leza: wacce ta fi kusa da launin waya?

Ɗan'uwa, ka ce wacce za ta fitar maka da hoton biki kamar yadda yake a waya. Babu wadda za ta yi haka ɗari bisa ɗari. Allon waya haske yake fesowa, ja da kore da shuɗi, shi ya sa komai ke walƙiya. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, tawada ce ke shanye wani ɓangare na hasken ɗaki ta maido maka saura. Shuɗin nan mai kama ido da koren fitila, tawada huɗun firinta (shuɗi, ruwan hoda, ruwan ɗorawa da baƙi) ba ta kai su.

Amma akwai dama-dama. Epson L805 nake da ita, mai tawada shida: huɗun da aka sani, ga ƙarin shuɗi mai haske da ruwan hoda mai haske. Biyun nan su ke sa fatar mutum ta fito sumul, ba ɗige-ɗige. Na taɓa buga wa wata amarya hoton kamu a takardar hoto mai sheƙi, uwarta ta riƙe shi tana ta juyawa, ta ce har zaren leshin ana gani. Aibinta dai jinkiri, kuma in ka ajiye ta mako biyu ba aiki, musamman da hunturu, kan da ke fesa tawadar zai toshe. Ko ba kwastoma, ka riƙa buga shafi ɗaya.

Ta leza mai kala kuwa na saya, na yi da-na-sani. Tana da sauri, rubutu yana fita raɗau, ruwa ba ya wanke shi, shi ke nan. Shaddar ango shuɗiya ta mayar min da ita ruwan makuba, sai da na sake aikin da kuɗina.

In hoto da katin biki za ka yi, ɗauki ta tawada. Ka rage hasken allonka kafin gyaran hoto, in ba haka ba bugun zai fito da duhu, kuma ka gwada ƙarami tukuna.

Sai ka kula da masu ɗura tawadar banza a kwalbar asali su liƙe baki. Masu sayar da firinta ta hannu ma, kar ka biya sai sun buga maka shafin gwajin kan firintar a gabanka. In ka ga layi ya yanke a kowane launi, bar musu kayansu.