Ranar da mahauci ya ƙi sara mini nama a Amurka

Shekarata huɗu ke nan a jihar Mishigan, har na ɗauka na gama shan kunyar baƙunta, sai ga mahauci ya tsinka ni a gaban layi. Ƙarshen Disamba ne, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Uwargida ta ce tunda maƙwabcinmu, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga kamfanin ƙera motoci, shi ke share mana ƙanƙarar ƙofar gida da injinsa tun da muka tare, ya kamata mu kira shi da iyalinsa cin abinci. Na tambaye shi abin da yake so. Ya ce su idan Kirsimeti ta zo ko an yi babban baƙo, firayim rib, wani yanki na naman sa, ake gasawa. Na ce shi ke nan, ai nama ne. Ni da na tashi a bayan kwata, wa zai koya mini nama?

Na nufi Diyabon, garin da ke manne da Ditiroit, inda Larabawa suka yi yawa har allunan shaguna da rubutunsu suke, naman halal kuma ba ya wahala. Na faɗi sunan abin. Mahaucin, wani ɗan Labanan, ya ce ƙashi nawa. Na yi turus. Ashe da ƙashi ake lissafinsa: daga haƙarƙari na 6 zuwa na 12 ake ciro shi, ƙashi bakwai idan cikakke ne, kowane ƙashi kuma na mutum biyu. Mu shida ne, na ce uku. Ya ɗauko wani curi kamar matashin kai, kitse ya ratsa cikin tsokar siri-siri kamar zare, ya ɗora a sikeli. Laba bakwai da ɗoriya, wato kilo uku da 'yan kai. Da ya faɗi kuɗin na fara juya su zuwa naira a zuci, da na ga sun wuce kason watandar da muke yi da sallah sai na bar lissafin don lafiyata.

Nan ne na kwafsa. Na ce ya sassara mini ƙanana-ƙanana yadda zai yi saurin dahuwa. Mutumin nan ya ajiye wuƙa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce: "Hajji, idan naman miya kake so ga shi can, bai kai rabin kuɗin wannan ba. Amma wannan, wallahi ba da hannuna ba." Matar da ke bayana ta kyalkyale da dariya, yaron shago ma ya juya baya yana murmushi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na biya, ya ɗaure curin da zare, ya naɗe shi a takarda kamar jariri, na fito ina ƙunƙuni ni kaɗai a mota.

Sai da na huce na ga gaskiyarsa. A nan kowane yanki na sa yana da sunansa, da kuɗinsa, da irin wutar da ta dace da shi. Ma'aikatar noma ta ƙasar har daraja take ba nama gwargwadon kitsen da ya ratsa shi da shekarun dabbar. Shanun kuma turke su ake yi da masara, a yanka su da ƙuruciyarsu, a bar naman a sanyi kwanaki har ya yi laushi. Mu fa? A kawo saniyar da ta gama haihuwa, ta sha tafiya, a ɗora ta a kututture a hau ta da gatari, a haɗa maka tsoka da jijiya da huhu da ɓaraguzan ƙashi a kashi ɗaya, ka nemi gyara a jefa maka kitse. Ba a taɓa jin mahaucinmu ya ƙi sara don tausayin nama ba. Amma kada su yi ta ɗaga kai: yawancin shanunsu ba su da tozo. Na zagaya shagunan nan kaf ban ga ko yanka ɗaya ba, kuma duk wanda ya taɓa cin tozo da zafinsa a bakin tukuba bayan isha'i ya san abin da suka rasa.

Da na ba maƙwabcin labari ya yi dariya har da hawaye, sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko wani ɗan kati da ya yi jawur don tsufa, rubutun mahaifiyarsa. Haɗin da ake shafa wa naman ne. Babban cokali biyu na gishirin kosha, wato wani gishiri mai manyan ƙwayoyi da Yahudawa ke tsane jinin nama da shi. Cokali ɗaya na baƙin masoronsu, a ɓarza shi kada ya yi laushi. Tafarnuwa ƙwaya takwas. Ɗanyen ganyen rozmeri da na tayim. Man shanu mai taushi da za a kwaɓa su ciki. Na juya bayan katin ina neman sauran, babu komai. Na ce ina barkono? Ina citta, ina kanumfari, ina kimba? Wannan ai ko majinyaci aka ba zai ce an raina shi.

Abin da ya kama ni a katin shi ne gishirin. Ba ranar gashi ake sa shi ba. Tun jiya ake barbaɗe curin, a sa shi a firji a buɗe ya kwana. Gishirin zai jawo ruwan naman waje, ya narke a ciki, naman ya sake shanye shi har can tsakiya, bayan kuma ya bushe ƙamas yadda zai yi ɓawo idan ya ji wuta. Kashegari a shafe shi da kwaɓin man shanun. Na tuna yadda muke tula yaji a kan nama bayan an sauke, sama ya yi zau, ciki lami.

Duk da haka raina bai kwanta ba. Ina da sauran yajin da Inna ta aiko mini, na yi niyyar in turbuɗe naman da shi su ga aiki. Uwargida ce ta tuna mini da ƙuli-ƙulin da ke ciki. Na tambayi dattijon, sai fuskarsa ta canza: jikansa da zai zo tare da su, ko ƙwayar gyaɗa ya lasa maƙogwaronsa kumbura yake yi, da allura suke yawo a jaka. Shi ya sa doka a nan ta tilasta duk abincin da aka ƙunshe don sayarwa a rubuta idan akwai gyaɗa ko madara ko ƙwai a ciki, a 2023 ma aka ƙara riɗi. Na dubi ledar yajina, ko suna babu. Je ka tambayi mai tsiren unguwarku abin da ya haɗa, zai ce maka sirri ne, gado ne. Shekara nawa muna zuba wa cikinmu sirrin mutane?

Na shiga neman kayan da zan yi nawa haɗin babu ƙuli. A nan ne na ji takaici. Kayan ƙamshinsu a 'yan kwalabe suke, an jera su tsaf, kowace da kwanan watan lalacewa, amma ka buɗe garin cittar ka ji kamar ƙura. Wanda ya saba da cittar Kachiya da ke sa atishawa tun daga bakin buhu ba zai kira wannan citta ba. Kanumfari ɗan cikin cokali, kuɗin da a Kasuwar Kurmi za a cika maka gwangwani. Kimba kuwa ba su ma san ta ba, sai a wani shagon 'yan Afirka na samo ta, ta tsufa ta yi fari. Na ɗan soya su a busasshen kasko don ƙamshin ya tashi, na daka a ƙaramin turmi da barkono da masoronmu mai wutsiya, na kwaɓa da man shanu. Rabin curin na shafa masa nasu, rabi nawa.

Gashin ba wuya, sai dai biyayya. A tsayar da curin a kan ƙasusuwansa, kitse a sama. Minti 15 a wuta mai ƙarfi, digiri 500 a ma'aunin Farenhait da suke amfani da shi, wato 260 a namu, sannan a rage zuwa 325. Ba a duba shi da ido ko a tsokane shi da wuƙa. Wani ma'aunin zafi mai tsini ake cakawa a tsakiya, idan ya doshi 130 a sauke, a bar shi ya huta kusan rabin awa. Hukuma ta ce 145 ya fi aminci, amma dattijon ya ce wanda ya wuce 130 ya yi asarar kuɗinsa.

Da aka yanka, ciki ja-ja-ja, ruwa na tsatsafowa. Uwargida ta yi salati ta ce jini ne. Matar dattijon ta yi ta bayani cewa ruwan tsoka ne, jinin ya fita tun wurin yanka. Ba ta saurare ta ba, ta kwashi nata ta koma kicin ta sake soya shi har ya yi baƙi. Ni dai na rufe ido na kai baki. Wallahi ban taɓa cin nama mai laushin wannan ba, wuƙa ma ba ta da aiki. Gefen nasu ɗanɗanon naman kansa ake ji, abin da ban san muna binnewa ba. Gefen nawa kuma shi ya fara ƙarewa. Dattijon yana gumi, hanci na zuba, yana miƙo faranti.

Da za su tafi ya ciro sabon kati da biro ya ce in rubuta masa awon nawa, cokali nawa na me. Na riƙe biron na rasa abin rubutawa. Na kira Inna ta WhatsApp, can dare ya yi nisa, na ce Inna citta nawa ake sawa a kan kanumfari? Ta ce, "Kai ɗan nan, yadda hannunka ya ba ka mana, har sai ya ji." Katin na nan a kan firji, kalma biyar kawai na rubuta. Wanda zai taho a cikinku ya riƙo mini sabuwar kimba da citta busasshiya. Kada a sako kilishi, karnukan filin jirgi za su shinshino shi a ƙwace.