Na sa wa tsohuwar kwamfutata Windows 11: wata biyu ke nan

Kwamfutar nan ta hannu ce, ta 2016, Core i5 ƙarni na shida. In na kunna ta da safe sai in ɗora ruwan shayi, in dawo tana nan tana juya wannan ɗan da'irar. Da Microsoft ta daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro ranar 14 ga Oktoba 2025, sai hankalina ya ƙi kwanciya, don duk makin ɗalibaina a cikinta yake.

Na kai ta wurin wani yaro mai gyara a bayan Kasuwar Dole. Ya gaya mini gaskiya tun daga farko: Windows 11 tana son TPM 2.0, wato wani ɗan sashen tsaro a cikin kwamfuta, da Intel ƙarni na takwas zuwa sama, ni kuwa tawa ta gaza da ƙarni biyu. Za ta shiga ta bayan gida da manhajar Rufus, amma babu tabbacin sabuntawa za ta riƙa zuwa har abada. Na ce a yi.

Da ya kwance bayanta na ji kunya. Ƙurar hunturu ta danƙare a fanka kamar audugar katifa, ja wur. Ya hure, ya goge, ya ce, "Malam, ba tsufa ke damun ta ba, numfashi ne ba ta samu." Sannan ya matsa mini in cire tsohon faifan mai juyawa in sa SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, na giga 256. Jaka ashirin da biyar duka da aikinsa. Na yi ciniki, bai rage ko dala ba.

Yanzu kafin in zauna ta buɗe. Amma kada wani ya ruɗe ku, SSD ɗin ne ya yi wannan aiki. Ita Windows 11 kyan gani ta ƙara, da maɓallin farawa da ya koma tsakiya, wanda na mayar hagu tun ranar farko. Batir kuwa yana nan yadda yake, in an ɗauke wuta minti arba'in ya ƙare, wannan shekarunsa ne.

Kuskurena ɗaya: na haɗa ta da intanet ɗin wayata ban gaya mata cewa na awo ne ba. Kafin la'asar ta shanye abin da na saya na mako. Akwai wurin da ake kunna wannan a saitin Wi-Fi, ku fara da shi.

Allon rubutun Hausa ma na ciki, da ƙ da ɗ da ɓ, sai dai a tsarin QWERTY yake, tawa kuwa AZERTY ce irin ta Faransa. Har yau in na nufi "a" wani lokaci "q" ke fitowa, shi ya sa na manna ƴar takarda a gefen allon.