Man goge baki ko man goge roba: wanne ya fi wa gilashin babur?

Yawancin zanen da ke jikin gilashin gaban babur da hannunmu muke yin sa. Ƙurar hunturu ta kwanta, mutum ya ɗauko busasshen tsumma ya share, alhali gilashin roba ne, ba ya jure haka.

Man goge baki shi ne na kusa, amma farin nan, ba mai kama da ruwa-ruwa ba. Ka wanke gilashin da ruwa da sabulu, ka ɗiga man kaɗan a tsumma mai laushi, ka riƙa murzawa a zagaye a hankali, sannan ka ɗauraye. Yana rage zanen da farce ba ya maƙalewa a cikinsa. Matsalarsa, yakan bar hazo-hazo, kuma da dare fitilar motar da ke tahowa sai ta watsu a wurin ta kashe maka ido. Wannan ne ke damuna.

Man goge roba irin su Novus 2 ko PlastX ya fi tsada, kuma sai an nema, amma don wannan aikin aka yi shi, yana barin gilashi garau. Ni shi nake zaɓa. Fara gwadawa a gefe tukuna, domin wasu gilasan suna da shafen kariya a sama, murza na iya ɓare shi. Fetur kuwa kada ya kusanci wurin, yana lalata robar.