Tsutsar teku da kaguwa: ta Legas da ta kogin Kaduna

Malam, ka tambaya ko kaguwar da yara ke kamawa a bakin kogin Kaduna tana cin tsutsar teku kamar kaguwar da ake sayarwa a Legas, tunda kana son gwada kiwonta kusa da tafkin kifinka. A'a, abincinsu ya sha bamban, domin ruwan da suke zaune ciki ba ɗaya ba ne.

Kaguwar gaɓar Legas, mai suna Callinectes amnicola a kimiyyance, a ruwan gishiri da gaurayen ruwa take. Laka a can cike take da tsutsar teku, wato tsutsotsi masu gashi a gefen jiki, waɗanda nau'insu ya haura 10,000 a duniya, kuma kusan dukkansu na ruwan gishiri ne. Kaguwa kan tona lakar ta zaƙulo su. Ƙananan kaguwa ne suka fi dogara da su, saboda hannayensu ba su yi ƙwarin fasa ɓawon kawa ko dodon koɗi ba, tsutsa kuwa laushi gare ta. Idan ta girma sai ta karkata ga masu ɓawo, da kifi, da mushe, har da 'yan'uwanta. Masu duba cikin kaguwa kan raina yawan tsutsar da ta ci, don namanta na narkewa da wuri, gashi da muƙamuƙi kaɗai ke saura. Maiƙon jikin tsutsar ne ya sa masu kiwon jatan lande a Asiya ke ciyar da iyayen jatan landen da ita.

Tamu ta ruwan daɗi, ta dangin Sudanonautes, ba ta taɓa ganin tsutsar teku ba. Ruɓaɓɓen ganye take ci, da ƙwari, da ƙananan dodon koɗi, da mushe, da tana idan damina ta fito da ita. Tana a wurinta ƙari ce kawai.

Saboda haka kada ka kashe kuɗi neman abin teku. Ragowar kifi, ganye da tanar bayan gida sun wadatar.

Tsutsar da ta fi cancantar damuwarka wata ce daban. Kaguwar ruwan daɗi kan ɗauki ƙwayar tsutsar huhu, Paragonimus, wadda ta addabi mutane a kudu maso gabashin Najeriya lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da bayansa, tana sa tarin jini mai kama da tarin fuka. Duk wanda zai ci, ya dafa ta sosai, gashin sama-sama da yara ke yi a bakin kogi bai isa ba.